Kada Gwajin Hali Ya Zaɓa wa Ɗalibi Sana'a

A jami'o'i da dama na Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashen da suka ɗauki tsarinsu, akan miƙa wa sabon ɗalibi wata takardar tambayoyi, ko dai a aji ko a ofishin ba da shawara kan sana'a. Idan ya gama amsawa sai a faɗa masa irin salon koyonsa, wato ko shi mai koyo da ido ne ko mai koyo da kunne, ko kuwa a ba shi wasu haruffa huɗu a ce su ne nau'in halinsa. Wannan al'ada ta samu gindin zama a tsangayoyin injiniyanci, inda aka fi shekara 30 ana rubuce-rubuce a kanta. Ra'ayina shi ne, waɗannan gwaje-gwaje suna iya gaya wa ɗalibi abin da ransa ya fi so, amma ba su da ikon gaya masa abin da zai iya, kuma duk wanda ya ɗora zaɓin sana'a ko tsarin karatu a kansu ya yi gini da tubalin toka. Zan kawo asalin al'amarin da hujjar masu goyon bayansa da abin da bincike ya gano, domin mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci.

Asalin Magana

A shekarar 1988 Richard Felder, farfesan injiniyancin sinadarai a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, da Linda Silverman, masaniyar halayyar ɗan Adam, suka wallafa wata maƙala da ta yi tasiri ƙwarai a fagen koyar da injiniyanci. Bayan gyare-gyaren da Felder ya yi daga baya, tsarin nasu ya tsaya a kan ma'aunai huɗu. Akwai ɗalibin da yake fahimta ta hanyar gwada abu da hannunsa, akwai wanda sai ya keɓe ya yi tunani. Akwai mai son misalai na zahiri, akwai mai son ƙa'idoji da nazariyya. Akwai mai son zane da hoto, akwai mai son bayani da kalmomi. Akwai mai bin darasi daki-daki, akwai kuma wanda sai ya hango al'amarin gaba ɗaya kafin rassansa su zauna masa. Felder da Barbara Soloman suka tsara tambayoyi 44, sha ɗaya ga kowane ma'auni, domin auna inda ɗalibi ya karkata.

Gwajin nau'in hali kuwa ya girmi wannan. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka fara tsara shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bisa ra'ayoyin da Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, ya wallafa a 1921. Gwajin, wanda ake kira MBTI a taƙaice, yana kasa mutane gida 16 ta hanyar tambayoyi a kan abubuwa huɗu: ko mutum mai son cuɗanya da jama'a ne ko mai son kaɗaici, ko yana dogara da abin da ya gani ya taɓa ko da hange da kirdado, ko yana yanke hukunci da hujjar hankali ko da la'akari da zukatan mutane, sannan ko yana son tsari da kammala abu a kan kari ko ya fi son ya karɓi al'amura yadda suka zo. A shekarun 1980 aka yi wa ɗaliban injiniyanci na jami'o'i da dama a Amurka wannan gwaji, aka tarar mafi yawansu masu hukunci da hujjar hankali ne kuma masu son tsari. Daga nan siffar "injiniyan asali" ta ƙara kafuwa a zukatan mutane: mutum shiru-shiru, mai lissafi, wanda ba ya son hayaniya.

Gaskiyar da Ke Cikin Maganar

Adalci ne a fara da abin da waɗannan masana suka hango daidai. Koken Felder shi ne, akasarin ɗaliban injiniyanci sun fi son zane da misali da aikin hannu, alhali akasarin malamansu suna tsayawa gaban allo awa guda suna zuba ƙa'idoji da alamomin lissafi, ɗalibai suna kwafa ba tare da sun ce uffan ba. Sakamakon haka shi ne gundura da faɗuwa jarrabawa, wasu ma su bar fannin baki ɗaya. Wannan koke yana da tushe. A 1997 Elaine Seymour da Nancy Hewitt suka fitar da sakamakon hirarrakin da suka yi da ɗaruruwan ɗaliban kimiyya da injiniyanci a Amurka, inda suka nuna cewa waɗanda suka sauya fanni ba su gaza waɗanda suka zauna basira ba, kuma rashin kyawun koyarwa yana cikin manyan dalilan da suka ambata.

Haka nan ba wanda zai musa cewa ba a taru an zama ɗaya ba. Kowane malami ya san ɗalibin da yake ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba, da wanda sai ya kwana da ita. Idan takardar tambayoyi ta sa malami ya tuna da haka, ta kuma sa ɗalibi ya tsaya ya dubi yadda yake karatu, to ta yi wani amfani.

Inda Hujjar Ta Raunana

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki mataki na gaba, aka ce tunda ɗalibi ya fi son wani salo, zai fi fahimta idan aka koyar da shi da salon nan. Wannan da'awa ce da za a iya gwadawa. Sai a auna ɗalibai a ware masu son hoto da masu son kalmomi, a jefa ƙuri'a a raba kowane rukuni biyu, a koyar da rabi da hoto rabi da kalmomi, sannan a yi wa kowa jarrabawa iri ɗaya. Idan da'awar gaskiya ce, masu son hoto za su fi cin maki a darasin hoto, masu son kalmomi kuma a darasin kalmomi.

A 2008 masana huɗu, Harold Pashler da Mark McDaniel da Doug Rohrer da Robert Bjork, suka bi diddigin rubuce-rubucen da aka yi a kan salon koyo suna neman binciken da ya bi wannan hanya. Suka tarar kaɗan ne ƙwarai suka bi ta, kuma daga cikin waɗanda suka bi, da dama sakamakonsu ya saɓa wa da'awar. A 2015 Beth Rogowsky da abokan aikinta suka sake gwadawa da manya masu karatun jami'a, wasu suka saurari littafi da kunne wasu suka karanta shi da ido, ba a kuwa ga wata riba ga wanda aka ba salon da ya ce ya fi so ba. Tun kafin haka, a 2004, Frank Coffield da abokansa a Birtaniya sun ƙirga tsare-tsaren salon koyo har 71 da ake amfani da su, suka yi nazarin 13 mafi shahara, suka tarar akasarinsu ba su cika sharuɗɗan ma'auni mai inganci ba. Duk da haka imanin bai gushe ba. Wani bincike na 2012 ya nuna kashi 93 cikin ɗari na malaman makarantun da aka tambaya a Birtaniya, da kashi 96 a Holan, sun yarda cewa ɗalibi ya fi fahimta idan aka koyar da shi da salonsa.

Abin lura shi ne, Felder da kansa ya sha nanata cewa bai ce a raba aji gida-gida a koyar da kowa da salonsa ba, kuma bai yarda a yi amfani da tambayoyinsa wajen zaɓa wa ɗalibi fanni ba. Abin da ya nema shi ne koyarwa mai daidaito, wadda take haɗa zane da bayani, da ƙa'ida da misali. Binciken da shi da abokansa suka wallafa a 2002 ma ya nuna haka. Sun yi wa ɗalibai 116 gwajin MBTI, suka bi su a kwasa-kwasai biyar da aka koyar ta hanyar aikin rukuni da warware matsaloli a aji, suka ga alamar cewa nau'o'in da aka saba gani a baya sun ɗan farfaɗo. To amma dukkan ɗaliban nan a aji ɗaya suka zauna, darasi ɗaya aka ba su. Gyaran koyarwa ne ya taimake su, kuma malami yana iya yin wannan gyara ko da bai san haruffan kowa ba.

Hali Zanen Dutse Ne?

Hausawa suna cewa hali zanen dutse. Gwajin MBTI ma a kan irin wannan fahimta aka gina shi, cewa kowa da nau'in da aka haife shi da shi. Idan haka ne, ya kamata wanda aka gwada yau a sake gwada shi gobe a samu abu ɗaya. Amma David Pittenger, a nazarin da ya yi a 1993, ya kawo binciken da ya nuna cewa idan aka maimaita gwajin bayan mako biyar kacal, har kusan rabin mutanen suna iya faɗawa wani rukuni dabam.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Halaye irin su son jama'a ko son kaɗaici ba gida biyu ba ne masu katanga a tsakani. Mafi yawan mutane suna tsakiya, 'yan kaɗan ne a can ƙarshe ta kowane gefe. A ɗauka an ja layi a kan santimita 170, aka ce duk wanda ya haura dogo ne, wanda bai kai ba gajere ne. Mai santimita 169 da mai 171 za su samu suna dabam-dabam alhali kusan kansu ɗaya, mai 171 kuma zai shiga rukuni ɗaya da mai 195. Haka gwajin yake yi da halaye, shi ya sa amsa ɗaya ko biyu idan suka canza sai harafi ya canza. Kamfanin da yake da mallakar gwajin ma ya bayyana cewa bai dace a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ba. Ma'aunin da masu shi suka ce kada a ɗauki mutum aiki da shi, ina hujjar ɗalibi ya kori kansa daga fanni saboda shi?

Aikin Ne Yake Zaɓar Salo

Akwai wata hujja da ba ta bukatar ɗakin bincike. Kowane ilimi yana da ƙofar da ake shigarsa. Mai koyon Hausa ya san cewa rubutun boko na yau da kullum ba ya bambanta kuka na hawaye da kuka itaciya, ko gari na mutane da gari na tuwo. Dole kunne ya ji karin sauti da tsawon wasali, ko da mai koyon ya rantse cewa shi mai koyo da ido ne. Injiniyanci ya fi haka tsanani. Wanda zai tsara ƙarfen da zai ɗauki nauyin bene dole ya iya karanta zane, ya iya lissafin nauyi, ya karanta dokokin gini waɗanda zallar kalmomi ne, ya rubuta rahoto, sannan ya tsaya a filin aiki ya yi wa magina da maƙera bayani har su gane. Hukumar ABET, wadda take tantance kwasa-kwasan injiniyanci a Amurka, ta sanya iya isar da saƙo da iya aiki cikin rukuni a jerin abubuwan da dole ɗalibi ya fita da su.

Abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka ranar 17 ga Yulin 1981 ya isa misali. A cikin babban zauren otal ɗin akwai hanyoyin tafiya da aka rataye a sama, ɗaya a bisa ɗaya. A zanen farko, dogayen sandunan ƙarfe ne za su sauko daga rufi su ratsa ta sama su riƙe ta ƙasa. Wajen ƙira sai aka sauya, aka rataye ta sama a rufi, ta ƙasa kuma aka rataye ta a jikin ta sama. A kan takarda sauyin ƙarami ne, amma ya ninka nauyin da ke kan mahaɗin hanyar sama sau biyu, kuma aka amince da zanen ba tare da an sake lissafi yadda ya kamata ba. Ranar da jama'a suka taru ana biki, hanyoyin biyu suka rufto, mutum 114 suka rasu. Kauce wa wannan masifa yana bukatar idon da zai ga bambancin zane biyu, da lissafin da zai auna illarsa, da bakin da zai yi magana tsakanin ofishin injiniya da masu ƙira. Injiniyan da aka saba masa tun yana ɗalibi cewa ɗaya daga cikin waɗannan ba salonsa ba ne, an cuce shi, an kuma cuci waɗanda za su tsaya a ƙarƙashin gininsa.

Bambancin da Ya Cancanci Kulawa

Idan ana neman bambancin da yake da tasiri a tsakanin ɗalibai, na farko shi ne abin da kowa ya riga ya sani. A 1998 Slava Kalyuga da Paul Chandler da John Sweller suka yi bincike a Ostareliya da masu koyon aikin lantarki. Sababbin shiga sun fi fahimtar zanen wayoyi idan an haɗa shi da bayani a rubuce, amma da suka ƙware sai bayanin ya zama musu kaya, suka fi ganewa da zanen shi kaɗai. Mutanen ba su canza hali ba, iliminsu ne ya ƙaru, sai hanyar da ta dace da su ta canza.

Na biyu, abin da ake ɗauka baiwa ce sau da yawa ƙwarewa ce da ake koyo. Iya juya siffar abu a cikin ƙwaƙwalwa, a hango yadda zai kasance ta baya ko ta ƙasa, yana da muhimmanci a zanen injiniya. Tun daga 1993 Sheryl Sorby da Beverly Baartmans suka buɗe wani ɗan kwas a Jami'ar Fasaha ta Mishigan domin sababbin ɗaliban da suka gaza a gwajin wannan ƙwarewa, inda suke ta zana siffofi da hannu suna juya su. Makinsu a gwajin ya tashi sosai, kuma waɗanda suka yi kwas ɗin, musamman mata, sun fi takwarorinsu da ba su yi ba dagewa a fannin. Da an ce wa waɗannan ɗalibai su masu koyo da kalmomi ne, a bar su da salonsu, da an yi asarar injiniyoyi masu yawa.

Na uku, akwai hanyoyin da suke amfanar kusan kowa. A 2014 Scott Freeman da abokansa suka haɗa sakamakon bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniyanci da lissafi. A azuzuwan da lacca ce zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suka faɗi ko suka janye, a azuzuwan da ake sa ɗalibai warware matsala da tattaunawa kuwa kusan kashi 22 ne. Wani nazari na 2013 da John Dunlosky ya jagoranta ya auna dabarun karatu goma, ya tarar biyu ne suka fi inganci: mutum ya riƙa yi wa kansa jarrabawa, kuma ya rarraba bitarsa a kwanaki maimakon ya tara ta a dare ɗaya. Maimaita karanta shafi da ja wa layuka alama, waɗanda ɗalibai suka fi so, suna cikin mafi ƙarancin amfani.

Wannan ya kawo mu ga babban rauni na duk wani gwaji da yake tambayar mutum abin da ya fi so. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa suka gwada ɗaliban fiziks a Jami'ar Harvard. Waɗanda aka yi wa lacca mai daɗin sauraro suka ce sun ƙaru ƙwarai, waɗanda aka sa su yi ta fama da matsaloli a aji suka ce ba su ƙaru sosai ba, amma da aka yi jarrabawa na biyun ne suka fi cin maki. Wahalar tunani ce ta sa suka zaci ba su fahimta ba. Ashe jin daɗin darasi da fahimtarsa suna iya raba hanya, kuma takardar salon koyo jin daɗin take aunawa.

Kammalawa

Wannan magana ta shafi iyaye da ɗalibai Hausawa mazauna Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashe, domin 'ya'yansu da ƙannensu suna cike irin waɗannan takardu, wani lokaci tun a sakandare. Shawarata ga ɗalibi ita ce, idan an ba shi gwajin ya amsa, ya karanta sakamakon kamar yadda zai saurari ra'ayin aboki, ya ɗauki abin da ya ga ya yi daidai. Idan an ce masa ya fi son zane, to ya gane cewa karatun dokoki da rubuta rahoto ne suke bukatar ƙarin lokacinsa. Idan haruffansa ba su yi kama da na yawancin injiniyoyi ba, kada hakan ya ɗaga masa hankali, domin yawan wani nau'i a cikin sana'a ba ya nufin sauran ba za su iya ba. Tambayoyin da suka kamace shi su ne: yaya tushensa yake a lissafi da fiziks, matsaloli nawa yake warwarewa da kansa a mako ba tare da leƙa amsa ba, kuma wa yake tambaya idan ya cije.

Ga malami kuwa, lokacin da zai ɓata wajen rarraba ɗalibai gida-gida gara ya kashe shi wajen gano abin da suka sani da wanda ba su sani ba a makon farko, ya rage tsawon lacca, ya ba su aiki a aji, ya duba kuskurensu tun da wuri. Jami'a kuma, kuɗin da take sayen gwajin hali da shi zai fi amfani idan ta buɗe kwas irin na Mishigan ga masu raunin zane, da darussan cike giɓi ga masu raunin lissafi. Hausawa sun ce yau da gobe sai iyawa, kuma abin da binciken da na ambata ya tabbatar ke nan a fannin injiniyanci.